Kwana a marina ko cikin ruwa? Masu sanin Gocek a taimaka

Abban_Hanifa:
Salam jama'a. Dan Allah wa ya taɓa hayar jirgin ruwa a Turkiyya? Mu da iyali da ƙanina muna so mu ɗauki ƙaramin jirgi mai ɗakunan kwana a Gocek, kusa da Fethiye, na sati ɗaya tare da kyaftin tunda ba wanda ya iya tuƙi a cikinmu. Abin da ya ɗaure min kai shi ne maganar marina, wato tashar da ake ɗaure irin waɗannan jiragen, wai kullum da daddare sai an koma can an kwana ne, kuma kuɗinta yana cikin kuɗin hayar ko daban? Madam kuma tambayarta banɗaki da sallah, ta ce in ba ta ji bayani ba ba inda za ta.

Sadiq_Izmir:
Wa alaikumus salam Alhaji. A'a ba dole ba ne kullum. Yawanci hayar daga Asabar ne zuwa Asabar, daren farko da na ƙarshe kuna marinar kamfanin kuma wannan galibi yana cikin kuɗin, amma duk wata marina da kuka shiga a tsakiya ku za ku biya, kuma da tsawon jirgi ake lissafi ba da yawan mutane ba, Yuli da Agusta ya fi tsada kuma wurin cika yake sai kyaftin ya kira tun da wuri. In kun iso kyaftin zai yi wa masu marinar magana ta rediyo su turo yaransu, da baya ake shiga a ɗaure jirgi da igiya biyu a jikin dakali, gaba kuma akwai wata igiya da ke ɗaure a ƙasan ruwa ita za su miƙo, sai a sa ɗan katako ku rinƙa takawa kuna sauka. Akwai wuta da za a jona, akwai famfon cika tanki, akwai wurin wanka mai ruwan zafi. Daga filin jirgin Dalaman zuwa Gocek bai kai tafiyar minti 30 a mota ba.

Ni dai shawarata kar ku ƙarar da kuɗi a marina. Gocek daɗinta tsibiran ne, Tersane, Yassica, da wajen da suke kira wankan Kiliyofatara, ruwan a kwance yake saboda duwatsu sun kare iska, a saki anga, wato ƙarfen nan mai nauyi da ke riƙe jirgi a ƙasan ruwa, a ɗaure bayan jirgi a ƙarfen da aka kafa a jikin dutse ku kwana abinku. Kar dai wani ya ce a ɗaura a bishiya, an hana.

Maman_Walid:
Malam Sadiq ka faɗi gaskiya amma da ganin bayaninka kai gwauro ne wlh 😂 Mai yara ba zai yi sati bai leƙa marina ba. Tankin ruwan jirgi ɗan kaɗan ne, ga alwala sau biyar ga wanka ga wanke-wanke, kafin ku farga ya ƙare, kuma banɗakin ciki ƙanƙani ne ba a jefa ko tishu a ciki saboda bututun toshewa yake, duk ƙazantar tana taruwa ne a wani tanki kuma a yankin nan haramun ne a zubar a teku, tara ake ci mai zafi, dole sai an je inda ake zuƙewa a rubuta cewa an zuƙe. To kun ga ko don wannan sai kun shiga tsakiyar sati. Ku faɗa wa Hajiya ta kwantar da hankalinta, ranar marina ita ce ranar wanki da cefane da wanka na gaske, ta tafi da buta dai.

Sallah kuma a marina ta fi sauƙi don jirgi a ɗaure yake ba ya juyawa, alƙibla kudu maso gabas take daga can, masallaci ma na cikin gari da ƙafa ake zuwa. A kan anga ne iska ke ɗan karkata shi sai kun sake dubawa a waya.

Abu ɗaya da ba na so da marina hayaniya, jirage manne da juna kamar gidan haya, kana jin hirar maƙwabci, igiyoyi na ta bugun ƙarfe har asuba ga kiɗan gidajen abinci. Ku roƙi a ba ku wuri can nesa da bakin gari.

Abban_Hanifa:
Allah ya saka da alheri. To abincin kyaftin fa, mu ne ko shi?

Sadiq_Izmir:
Ku ne Alhaji, kuma ɗaki ɗaya nasa ne, ku lissafa da shi kafin ku zaɓi jirgi. Man jirgi ma ku za ku cika ranar dawowa. In kun kwana Fethiye ku je kasuwar kifi, ka sayi kifinka a tsakiya gidajen abincin da ke kewaye su gasa maka ka biya ladan gashi. Hajiya Maman Walid kuma maganar gwauranci a taya mu da addu'a 🙏