Mugunya a mahaifar karya da tsakuwa a mafitsara: dole sai tiyata?

Baban_Sadiq, Rayfield:
Salamu alaikum jama'a. Karyar gadi ce, Alsatian, shekara 7, kilo 30. Ta gama lokacin barbara (lokacin neman namiji) wajen mako biyar ke nan. Yanzu sai shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, ta ƙi abinci, fitsarinta da jini-jini. An yi sikanin, likita ya ce mahaifa ta cika da mugunya, ga tsakuwa kuma a mafitsara, wai sai an yi aiki. Allura ba za ta wadatar ba?

Dakta_Vom:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Tsakuwar za ta iya jira, mahaifar ce ba ta jira. Bayan barbara sinadarin progesterone yana kumbura bangon mahaifa ya rage mata ƙarfin matsewa, sai ƙwayoyin cuta, galibi E. coli, su samu wurin zama. Shi ya sa ciwon ya fi bayyana mako huɗu zuwa takwas bayan barbara.

Duba ƙarƙashin wutsiyarta. In mugunya tana fitowa, bakin mahaifa a buɗe yake, da ɗan sauƙi. In ba komai kuma ciki yana kumbura, to a rufe yake, shi ne mai kisa: mahaifa kan fashe a ciki, ko dafin ya shiga jini ya taɓa ƙoda. Yawan shan ruwan nan ma aikin dafin ne a ƙoda. Kare mai kilo 30 lita ɗaya da rabi zuwa biyu yake sha a yini. In ya haura uku akwai matsala.

Allurar da ke matse mahaifa akwai ta, amma ta karya mai ƙananan shekaru ce da ake son ta haihu, bakin mahaifarta a buɗe, jikinta da ƙarfi. Kuma ciwon kan dawo a barbara ta gaba. Mai shekara 7 da ta daina ci, a cire mahaifa da gidan ƙwai duka. Kafin allurar barci a gwada jini a ga ƙoda, a sa mata ƙarin ruwa, a fara maganin kashe ƙwayoyin cuta.

Maman_Hanan, Bukuru:
Ƙari kan tsakuwar. A karya mace yawanci struvite ce, wadda ciwon sanyin mafitsara ke haifarwa: ƙwayoyin Staphylococcus ko Proteus suna sauya fitsari har gishirin cikinsa ya dunƙule. Irin wannan tana narkewa da abinci na musamman tare da magani, amma sai an yi wata ɗaya zuwa uku, kuma in aka yanke maganin a tsakiya ƙwayoyin da ke ɓoye cikin tsakuwar su sake tashi. Wata irin tsakuwar kuwa, calcium oxalate, ba abin da ke narkar da ita.

Tunda za a buɗe cikin dai, ta yanka ɗaya ake kai wa ga mafitsara. In ta jure allurar barci likita ya kwashe su lokaci guda. In jininta ya yi ƙasa, a rufe, a bar tsakuwar sai ta farfaɗo. Kada a jefar da tsakuwar, a kai gwaji a san irinta, fitsarin ma a kai ɗakin gwaji, ko a cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, a ga maganin da zai kama.

Baban_Sadiq, Rayfield:
Na gode ƙwarai. Bayan aikin fa?

Dakta_Vom:
A sake ɗaukar hoto nan take, don tsakuwa ɗaya kan maƙale a bututun fitsari. Ɗan jini a fitsari na kwana biyu zuwa uku ba komai. Ta tsuguna ba ɗigo, wannan a komar da ita asibiti ko da dare ne. A sa mata kwalar roba kada ta lashi ɗinki, a cire zare bayan kwana 10 zuwa 14, ba gadi ba tsalle. Sanyin Jos kan sa kare rage shan ruwa, to a riƙa jiƙa mata abinci. Ibuprofen da diclofenac na mutane kuwa, don Allah kada a ba ta, suna huda ciki su lalata ƙoda. In akwai wata karyar a gidan, a daina yi mata allurar hana ɗaukar ciki ta mata, tana cikin abin da ke jawo wannan mugunyar.