Soson teku: aji uku ne ko huɗu, kuma ta yaya ake bambanta su?

Ɗalibar_Halittu:
Assalamu alaikum malamai. Wani littafi ya ce soson teku aji uku ne, wani ya ce huɗu. Wanne ne daidai? Kuma in an ba mutum guntu, ta yaya zai gane ajinsa?

Mai_Madubi:
Wa alaikumus salam 'yar uwa. Huɗu ne yanzu: Calcarea, Hexactinellida, Demospongiae da Homoscleromorpha. Na ƙarshen a 2012 aka ciro shi daga cikin Demospongiae, littafinki na farko ya tsufa ke nan. Dukkansu dabbobi ne na rukunin Porifera, ba ruwansu da soson wanka mai yaɗo, wancan tsiro ne.

Kada ki dogara da launi ko siffa, ƙashin jiki ake dubawa, wato ƙananan alluran da ke cikin naman. Na Calcarea kalsiyam kabonet ne, irin na ɓawon ƙwai. Na Hexactinellida silika ne, irin na gilashi, asalin siffarsa tsini shida, kuma galibi can cikin zurfin teku suke. Demospongiae, waɗanda su ne mafi yawa nesa ba kusa ba, suna da alluran silika, ko zare mai laushi da ake kira sifonjin, ko duka biyun.

Ki yanki ɗan guntu kamar ƙwayar wake, ki haɗa da fatar waje da naman ciki, don alluransu kan bambanta. Ki sa a ruwan bilic har naman ya narke. Ki bari alluran su kwanta, ki tsiyaye a hankali, ki wanke da tataccen ruwa sau uku, sannan da itanol, wato alkohol. Ki ɗiga a gilashi ki duba a madubin ƙara girma. Gaggawar tsiyayewa ita ke ɓata aikin: mafi ƙanƙantan allurai suna jimawa kafin su kwanta, sai a zubar da su, alhali sau da yawa su ke raba jinsi da jinsi.

Malam_Nazari:
Ƙari kan bayanin Malam. Ki raba alluran biyu, ki ɗiga wa kashi ɗaya ruwan khal. In sun narke, Calcarea ne; na silika kuwa ko gezau. Shi ya sa ba a soma tsabtace samfurin da ba a sani ba da asid irin khal, zai cinye shaidar. In kuma bayan bilic ba ki ga allura ba, ba lallai kuskure ba ne. Spongia officinalis na Bahar Rum, wanda ake wanka da shi, zare ne zalla, bilic kuma yana narkar da zare.

Ɗalibar_Halittu:
Na gode. To asconoid, syconoid da leuconoid fa? Ba su ne ajin ba?

Mai_Madubi:
A'a, tsarin hanyar ruwa ne kawai. Ruwa na shiga ta ƙananan ƙofofin jiki, ƙwayoyin halitta masu gashi kamar bulala suna kaɗa shi suna tace abinci, ya fita ta babban baki. A asconoid bututu ɗaya ne, a syconoid bangon ya nannaɗe, a leuconoid ɗakuna ne birjik. Calcarea kaɗai ke da dukkan ukun.

In mai rai ne, ki ɗauki hotonsa kafin ki sa a itanol, don launin zai kode. Kada kuma ki fito da shi iska: kumfa na toshe hanyoyin ruwan, gashin ba ya iya korar ta, sai wurin ya ruɓe.