Me ake nufi da "red flag" a Ingilishi?

Ɗan Yantala, Yamai:
Assalamu alaikum. Ina yawan ganin "red flag" a Facebook da TikTok, wani lokaci har da ƴan jajayen tutoci a jere. Mu a Faransanci mun san drapeau rouge da tutar ƴan gurguzu. Abu ɗaya ne? Kuma in zan fassara wa mutane, "jar tuta" zan ce?

Malam Mai Alli, Tawa:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Waccan ma'anar ta siyasa tana nan a Ingilishi ma: ita ƴan juyin Paris suka ɗaga a 1871, daga baya Tarayyar Sobiyet da Sin suka ɗauka. Amma ba ita kake gani a intanet ba. Can ana nufin alamar da ke nuna akwai matsala tun kafin ta fito fili. Ka lura, ba ita ce matsalar ba, hayaƙinta ne. Tallar aiki da ta ce ka tura kuɗin dosiye ta waya kafin a gan ka, ko mai neman aure da ya hana a bincika asalinsa, duk suna ciki.

Kada ka ce "jar tuta", mai sauraro zai tsaya neman tutar. Ka ce "alamar haɗari" ko "abin hattara". In hira ce, "akwai lauje cikin naɗi" ya fi kai saƙon.

Tsohon Direba:
Malam ya yi daidai. Asalin kuwa tuta ce ta gaske. A Ingila, dokar 1865 ta tilasta mutum ya riƙa tafiya a ƙasa, kamar mita 55 gaban motar tururi, riƙe da jar tuta. Gudunta bai wuce kilomita 6 a awa a ƙauye, 3 cikin gari, har sai 1896 aka ɗaga iyakar gudun. A tseren motoci na Formula 1, tuta rawaya na nufin a sassauta, kada a wuce kowa. Ja kuwa an tsayar da tsere. A bakin teku ja na cewa kada a shiga ruwa. Mu ma muna da ita: jan ƙyallen da ake ɗaurawa a ƙarshen rodi ko katakon da ya zarce bayan mota. In babu shi, mai babur na baya ba ya gane inda kayan suka ƙare, balle da magariba.

Hajiya Ungozoma, Yamai:
Ɗana, a aikin likita kalmar tana da nauyi. Ciwon baya kaɗai ba abin tashin hankali ba ne, amma in ya zo da zazzaɓi, rama ba dalili, ko kasa riƙe fitsari, ba a jira. Ga mai ciki kuwa: zubar jini, ciwon kai mai tsanani da dishi-dishin gani, kumburin fuska da hannuwa. Waɗannan a kai ta asibiti a ranar, ko da tsakar dare ne. Shi ya sa ba na jin daɗin yadda matasa ke liƙa kalmar ga wanda ya yi jinkirin amsa saƙo. Hakan na rage wa kalmar ƙarfi.

Malam Mai Alli, Tawa:
Ƙari ɗaya, kada ka haɗa ta da karin maganar Ingilishi na nuna wa bijimi jan ƙyalle. Wannan tsokana ake nufi. Shi bijimi ma ba ya bambance ja, kaɗawar ƙyallen ce ke harzuƙa shi.