Neman kalma: waƙoƙin 'yan kallon Rangers da Celtic

Bilkisu: Salamu alaikum malamai. Ƙarfe bakwai zan shiga shirin wasanni, ga labarin Scotland a gabana na maƙale. Ya za mu ce "sectarian chanting"? Waƙoƙin nan da magoya bayan Rangers da Celtic ke rerawa a Glasgow, 'yan Rangers su zagi Katolika, 'yan Celtic su koɗa IRA, ƙungiyar 'yan bindigar da ta yaƙi mulkin Birtaniya a Ireland ta Arewa. Na rubuta "waƙoƙin ƙabilanci" na goge.

Nura: Gara da kika goge, ba ƙabila ba ce. Zambo?

Hajiya Rabi: Zambo maroƙi ke yi wa wanda ya hana shi, har a yi dariya. Wannan gaba ce. Ki ce "waƙoƙin gabar addini".

Malam Sabo: Addini ɗaya ne ai, Hajiya, duk Kirista ne. Tun bara nake cewa ɗariƙanci. Kiristocinmu da kansu ɗariƙar Katolika suke cewa. Waƙar ɗariƙanci, an gama.

Nura: Malam, a rediyon Kano? Kafin ta rufe baki an bugo waya ana tambayar Tijjaniyya take nufi ko Ƙadiriyya.

Malam Sabo: To sai mu bar kalma mai kyau don tsoron masu waya? Ku da kuke cewa "fenariti" ba ku ji kunya ba.

Issufu Maraɗi: Mu nan "bugun daga kai sai mai tsaron gida" ma ba mu cewa, na Faransa muka ara. Amma kullum ku 'yan Kano ke yanke hukunci, mu sai dai mu ji a rediyo.

Hajiya Rabi: Issufu, wa ya hana ka kawo taka?

Issufu Maraɗi: Waƙar tsangwama.

Bilkisu: Don Allah saura minti arba'in. Akwai ta biyu ma, "strict liability". Wato UEFA ƙungiya take kamawa da laifin 'yan kallonta ko da ta yi gargaɗi, shi ya sa a 2019 ta sa aka rufe kujeru 3,000 a Ibrox, filin wasan Rangers. Ita SPFL, hukumar gasar lig ta Scotland, ba ta bin wannan, in ƙungiya ta nuna ta yi iya ƙoƙarinta sai a ƙyale ta. Dokar hana irin waɗannan waƙoƙi da majalisar Scotland ta yi a 2012 ma an soke ta a 2018.

Nura: Wannan ba sai an ƙirƙiro ba. "Laifin magoya baya a wuyan ƙungiya."

Malam Sabo: Wannan jimla ce, ba kalma ba.

Hajiya Rabi: Mai sauraro jimla yake ji, Malam.

Bilkisu: Na ɗauki ta Nura. Ta farkon kuma zan ce "waƙoƙin tsangwama tsakanin Katolika da Furotesta", sau ɗaya, daga nan "waƙoƙin tsangwama" kawai. Na gode, na shiga.

Issufu Maraɗi: A rubuta, yau Maraɗi ta ci.

Malam Sabo: Tsangwama ta yi faɗi, wariyar launin fata ma tsangwama ce. Ki yi ta yau. Ni a ƙamus ɗina ɗariƙanci na sa.