Karatun jami'a da girma, gida kuma nesa: ya kuke yi da hanya?

Baban Khairat, Wudil

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wajen waɗanda suka taɓa yi. Ni malamin firamare ne, da takardar NCE nake aiki tun ina saurayi, sai yanzu Allah Ya nufa na samu gurbin digiri a wata jami'a cikin Kano. Iyalina suna Wudil, mahaifiyata tana wajena kuma jikin nata sai a hankali, don haka maganar tarewa a birni ba ta taso ba. Tsakaninmu da Kano kilomita 40 ne da 'yan kai. A baki ba nisa, amma abu ne na kullum. Duk wanda ya yi irin wannan jeka-ka-dawo da iyali a wuyansa, don Allah ya faɗa min yadda ya yi da kuɗin mota, da gajiya, da gida.

Maman Ilham, Bichi

Wa alaikumus salam Malam. Allah Ya sanya albarka, Ya ba Hajiya lafiya. Ni ma'aikaciyar jinya ce, daga Bichi na yi nawa har na gama, shekarar farko ma da goyo.

Ka ajiye lissafin kilomita. Gudun mota a kan titi shi ne mai sauƙin. Lokaci yana tafiya ne a tasha, kana zaune ana jiran mutum ɗaya mota ta cika, kowa kuma ya ƙi biyan kuɗin kujerar. Sai bakin gari. Mu namu Dawanau ne, ranar da manyan motocin hatsi suka jeru sai dai haƙuri. Ku naku Mariri ne da Hotoro. In ka sauka kuma akwai ratsa birni a adaidaita, yana tafe yana ɗauka yana saukewa. Sau da yawa daga inda na sauka zuwa ƙofar aji ya fi cin lokaci a kan daga Bichi zuwa Kano.

Abin da ya taimake ni shi ne motar farko, wadda 'yan kasuwa ke shiga da an sallame Asuba. Ita ba ta jiran lodi, cika take nan take. Na samu wani dattijon direba mai mutunci, maigidana ya je ya gaishe shi suka yi musayar lamba. Daga nan kullum kujerata tana nan, in ba zai fito ba kuma tun dare yake kira ya faɗa. Sammakon ma yana da iyaka: a Yulin 2022 gwamnatin Kano ta hana adaidaita aiki daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe, to a lokacin in na iso da duhu sai na tsaya jira.

Maganar gida kuwa, Malam, ita ce babba. Duk awar da ka yi a hanya wani ne yake biyanta a gida. Ni surukata ce ta riƙe min yara, Allah Ya saka mata da Aljanna. Kai kuma jinyar Hajiya da makarantar yara da cefane duk kan Maman Khairat za su koma. Ka zauna da ita tun kafin ka biya kuɗin rajista, ka ji ta bakinta, ka kuma samo wata a dangi da za ta riƙa kama mata. Kada ka yanke hukunci sannan ka sanar da ita.

Abu Sadik, Gezawa

Yaya, karatu a mota ba kowa yake iyawa ba. Ni da na buɗe takarda jiri yake kama ni. Sai na koma naɗar lacca a waya, da izinin malamin, in saurara a hanyar dawowa tun abin bai huce ba. Da safe kuwa barci nake yi, ba na jin kunyar kowa. Amma ka sa iyafis ɗin tun kana cikin makaranta, wayar tana can cikin aljihun ciki. Kada ka fito da ita a adaidaita bayan Magariba, kowa ya san halin da ake ciki da masu ƙwacen waya. Ka nemi ƙaramin fawa banki kuma.

Injiniya, Kaduna

Ni daga Kaduna nake zuwa Samaru digiri na biyu, ina kuma aikin gwamnati. Daga Kawo zuwa Zariya kusan kilomita 80 ne, in ka kai Kwangila kuma da sauran tafiya. Da farko da motata nake zuwa ni kaɗai. Kafin 29 ga Mayun 2023 litar fetur a farashin gwamnati ba ta kai naira 200 ba. Da aka cire tallafi, cikin kwanaki ta haura 500, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Albashi kuwa bai bi wannan gudun ba. Na san mutane da dama da suka ajiye karatu a tsakanin nan, ba don kwanya ta gaza ba, kuɗin mai ne ya kayar da su.

Mu dai haɗa kai muka yi, mu huɗu 'yan aji ɗaya. Mota ɗaya ake fitarwa, a raba kuɗin mai, a riƙa karɓa-karɓar tuƙi. Sai ga wani amfani da ba mu yi tsammani ba: motar ta zama ajin bita. Na gefen direba ya riƙe tambayoyin jarrabawar baya yana karantowa, sauran muna amsawa, ana musu har Jaji. Abubuwan da na fi riƙewa a jarrabawa a wannan musun na riƙe su.

Amma haɗakar mota ba ta ɗorewa sai da sharaɗi, kuma a faɗe shi tun ranar farko, kada a bar shi ga kara. Kuɗin mai ranar Litinin ake haɗawa, ko ka je ko ba ka je ba. Wanda ya makara minti goma ya biyo motar haya. Sharaɗin da muka fi tsanantawa shi ne wanda ya yi aikin dare ko ya kwana karatu ba ya taɓa sitiyari. Gyangyaɗi a titi mai tireloli da tankoki ba a yin sa sau biyu. In kuma lacca ta kai mu dare, kwana muke yi a Zariya wajen wani abokinmu.

Sallah ma ka tsara ta. Nisan kasaru a mazhabar Malikiyya mil 48 ne, wajen kilomita 80, ka ga tafiyarka ba ta kai ba. Ka riƙa fita da alwala, in ka ga rana ta yi sanyi ka tsaya ka yi Magariba kafin ka shiga mota, domin ba kowane direba ne zai tsaya maka ba.

Kawu Na Rano

Ni fa ban yarda da zuwa kullum ba. Ɗana, ka ɗauki biro ka tara kuɗin motar wata guda, da na adaidaita, da abincin da za ka ci a waje, ka gwada da kuɗin ɗaki in kun haɗa ku biyu ko uku. Ko wannan ma ka bari. Wane Bawudile ne ba shi da ɗan'uwa a Kano? Ka riƙa kwana biyu a mako a wajensa, ranakun da laccoci suka fi yawa. Haka na yi. Sai dai zaman gidan mutane yana da ladabi: ka zo da ɗan kwanon shinkafa ko wake daga gida, kada ka jira a ce ba komai ka ɗauka da gaske, kada kuma ka dawo ka tarar an kulle ƙofa saboda kai a tashi maigida.

Na ga masu ƙarfi da yawa sun fara da zafi. Zangon farko lafiya. Zango na uku sai ciwon baya, sai hawan jini, sai ka ga mutum ya zo aji amma barci yake. An cusa ku huɗu a bayan ƙaramar mota, biyu a gaba, kamar buhunan gero, safe da yamma, jikin ɗan shekara arba'in ba zai yi shiru ba.

Baban Khairat, Wudil

Na gode ƙwarai, Allah Ya bar zumunci. Kawu, maganarka gaskiya ce, kuma ina da ɗan yayata a Hotoro. Abin da ya hana ni kwana shi ne Hajiya, da daddare jikin ya fi tashi kuma ni nake kai ta asibiti. Amma zan yi magana da ƙanena ko zai karɓi dare ɗaya ko biyu.

Anti Bilki, Masaka

Ni darasina ɗaya ne: a duba ina hanya take fuskanta. Ina zaune a Masaka, ina aiki cikin Abuja. Duk wanda ya san Mararaba da Nyanya ya san da safe duniya gaba ɗaya cikin gari ta nufa, da yamma kuma ta juyo. Da na tashi ƙaro karatu sai na zaɓi Keffi, duk da akwai makarantu cikin Abuja. Da safe ni ina fita, su suna shiga, hannuna fayau. Malam, kai kuma ka tuna Juma'a ce kasuwar Wudil, ga motocin shanu ga gada, ka san yadda garinku yake cika. In akwai kwas na zaɓi da ya faɗo Juma'a da yamma, ka duba wani.

Ga 'yan'uwana mata: kada gaggawa ta sa ku tare motar da ba ku sani ba a bakin titi, ɓarayin wan-cans, masu ɗaukar fasinja su yi musu fashi, masu sauri suke samu. A je tasha ko da za a jira. A kuma sanar da wani a gida in an shiga mota.

Mushe, Yamai

Salamu alaikum ƴan'uwa na Najeriya. Mu nan ba nisan gari da gari ba ne, kogi ne tsakani. Jami'ar Abdu Mumuni tana Harobanda, ƙetaren kogin Isa, wato Neja, ni kuwa ina Talladje ina koyarwa a lakkwal, wato makarantar boko. Tsawon shekaru gadar Kennedy kaɗai ce mashiga, tun 1970, mota da moto da amalanke da raƙumi duk nan. An buɗe ta biyu a 2011, ta uku a 2021, abin ya yi dama, amma har yanzu in ka biye ma faba-faba, ƙananan bas na haya, da taksi sai ka canza mota kafin ka isa. Ni bashi na ci na sayi moto, ina biya kaɗan-kaɗan ƙarshen wata, kuma ban yi da-na-sani ba. Wahalarmu babba zafi ce. Afrilu da Mayu ma'auni yana wuce 40, in azumi ya haɗu da kur, wato darasi, na tsakar rana, tahiyar ta fi karatun wuya. Sai na riƙa ƙetarawa tun da sanyin sahiya, in zauna masallacin jami'a in yi karatuna, ba na komowa sai rana ta faɗa.

Ummu Abdallah, Dambatta

Bari in faɗi nawa, ko da bai yi daɗin ji ba. Ni ban iya ba. Na kai aji biyu ina jigila, sai ciki ya zo da laulayi, ga ka'idar halartar aji kashi 75 cikin 100 kafin a bar mutum ya zauna jarrabawa. Da farko na rubuta takarda na jingine karatun shekara guda, a hukumance, ban ɓace kawai ba. Duk wanda abin ya fi ƙarfinsa ya yi haka, don gurbinsa yana nan. Daga baya na ga ko na koma hanyar dai tana nan yadda take, sai na koma NOUN, jami'ar karatu daga gida. Yanzu mafi yawan abin a waya da kwamfuta nake yi, fita sai ta rajista da jarrabawa. Ita ma tana da nata nauyin, ba mai tsaya maka a kai, in ba ka da horon kanka littafi zai yi wata ba ka buɗe ba. Amma ina ganin 'ya'yana kafin su yi barci. Malam, ka san da wannan ƙofar, ko ba yanzu ba.

Shugaban Aji

Baba, ni yaro ne a cikinku, amma ni nake riƙe da ajinmu kuma muna da iyaye da yawa masu zuwa daga nesa. Abin da na ga ya fi karya musu zuciya shi ne mutum ya kashe kuɗin mota, ya bar aikinsa, ya zo a ce lacca ba za ta yiwu ba. Ranar farko ka nemi shugaban ajinku, ka gaya masa daga Wudil kake zuwa, ka karɓi lambarsa. Ni duk mai zuwa daga wajen gari sunansa yana wajena daban, da malami ya ɗaga lacca su nake fara kira, ba na barin abin a WhatsApp kawai don wani ba shi da data a lokacin. Ka kuma je da kanka ka gabatar da kanka wajen malaman da suke da laccar ƙarfe 8. Yawancinsu in sun san halinka tun farko suna sassautawa, wanda ya zo da uzuri bayan an yi tes ne ba sa saurara. Roƙona ɗaya, kada ka sa yaro ya sa maka hannu a takardar halarta. In aka kama, ku biyun ne a ciki, shi kuma kunyarka ce ta sa ya kasa ce maka a'a.

Maman Ilham, Bichi

Allah Ya yi maka albarka ɗana, irinku ne suka riƙe mu. Malam, na manta abu biyu. Izinin ƙaro karatu ka neme shi a rubuce ta hannun hedimasta zuwa ofishin ilimi na ƙaramar hukuma, ka ajiye kwafi, kada ka tsaya a kan "je ka ba komai" ta baki. Hedimasta yana iya canzawa, kuma ranar da za ka kai takardar digirin don ƙarin girma za a tambaye ka wa ya ba ka izini. Sai makon jarrabawa: ko me ake ciki ka kwana a Hotoro. Taya tana fashewa, mai yana ƙarewa, damina tana da nata. Ka sanar da ƙanen naka tun yanzu cewa waɗannan darare nasa ne, da jadawali ya fito ka tura masa.