Shin kai babur kan na'urar daino bayan an canza masa kaya yana da amfani?

Sabon Mahayi:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da babur mai silinda biyu, irin wanda kwamfuta ke raba wa mai ta nozul. Na cire salansar kamfani tun daga bakin injin na sa wadda ta fi buɗewa, na kuma canza matatar iska. Tun daga nan, idan na saki totur sai ya riƙa harbi ta salansa, yana fizga a ƙaramin gudu, zafin injin ma ya ƙaru. Wasu sun ce in kai shi wurin masu daino, wato na'urar auna ƙarfin injin, a saita shi, wasu kuma sun ce kwamfutar za ta daidaita kanta. Wanne ne gaskiya?

Tsohon Makanike:

Wa alaikumus salam, ɗana. A yanayin da ka bayyana, shawarata ita ce ka kai shi.

Injin fetur yana ƙone mai sarai idan ya haɗa kashi 14.7 na iska da kashi 1 na mai bisa nauyi, amma idan an murɗe totur har ƙarshe, ya fi ba da ƙarfi da samun sauƙin zafi a wajejen kashi 13 da 1, wato da ɗan ƙarin mai. Kamfanoni kuwa sukan tsuke mai a ƙaramin gudu domin cika dokokin hayaƙi, irin dokar Euro 5 da ta fara aiki kan sababbin samfuran babura a Turai a 2020. Kai kuma ka zo ka buɗe wa iska hanyar shiga da ta fita, alhali lissafin mai yana nan yadda yake. Iska ta yi yawa, mai ya yi kaɗan, kuma wannan ne ke kawo zafi da fizga. Idan ya tsananta ya daɗe, yana iya ƙona bawul ko ya lalata kan fistin.

Masu cewa kwamfuta za ta daidaita kanta suna da rabin gaskiya. Na'urar da ke shinshinar hayaƙi a jikin salansa, a yawancin babura, tana gyara mai ne kawai lokacin da injin ke tsaye yana aiki ko ana tafiya a natse, kuma gyaran nata yana da iyaka. Da zarar ka buɗe totur sosai, kwamfutar ta daina sauraronta, ta koma kan jadawalin rabon mai da aka rubuta mata domin tsohuwar salansa. A nan ne daino ke da amfani: ana ɗaure babur, tayar baya tana juya wani nannauyan ganga, ana auna ƙarfin doki da ƙarfin juyi da yawan iskar da ta rage a hayaƙi, sannan a gyara jadawalin mai daki-daki, a kowane matakin totur da kowane saurin juyin injin. Babu kunnen makaniken da zai iya wannan a kan titi, komai ƙwarewarsa.

Mai Doguwar Tafiya:

Ina tare da Malam a kan wannan babur, amma kada mai karatu ya ɗauka kowane canji sai an je daino. Wanda ya canza bututun ƙarshe na salansa kaɗai, ya bar sauran yadda kamfani ya yi, galibi ba ya buƙata. Haka kuma harbin salansa shi kaɗai ba hujja ba ne, domin babura da yawa suna da bawul da ke tura iska cikin salansa don ƙone ragowar mai, kuma yoyon iska a mahaɗar bututu ma yana kawo harbi. A fara duba waɗannan.

Akwai kuma hanya ta tsakiya: jadawalin da aka riga aka shirya domin irin baburinka da irin salansarka, wanda ake rubutawa kai tsaye cikin kwamfutar, ko a ɗora ta ƙaramin akwati irin Power Commander na kamfanin Dynojet. Yana kusantar daidai, sai dai an yi shi ne a kan baburin wani. Wanda ya faɗaɗa silinda ko ya taɓa sandar da ke buɗe bawul, wannan ba shi da zaɓi sai daino.

Sabon Mahayi:

Na gode ƙwarai. To ƙarfin doki nawa zan sa ran samu?

Tsohon Makanike:

Kada ka je da wannan niyyar, ɗana, domin ƙarin yakan zama kaɗan a injin da ba a buɗe cikinsa ba. Ribar da za ka ji a hannunka ita ce totur mai santsi, da gushewar fizga, da raguwar zafi. Lambar da daino ke fitarwa a kan takarda ma ta bambanta daga na'ura zuwa na'ura, kuma ƙarfin tayar baya take nunawa, wanda bai kai abin da kamfani ke tallatawa ba saboda abin da giya da sarƙa suke cinyewa. Abin dubawa shi ne awon farko da na ƙarshe a na'ura ɗaya, rana ɗaya.

Kafin ka tafi, ka tabbata fulogi da tazarar bawul da sarƙa da kuloci da tayar baya duk lafiya suke, domin daino ba ya warkar da injin da ya gaji. Ka tambayi mai aikin ko na'urarsa tana da birkin da ke riƙe injin a sauri ɗaya. Wadda ba ta da shi ta fi dacewa da awon cikakken totur, alhali matsalarka tana ƙaramin gudu. Ka kuma sani cewa taɓa kwamfuta yana iya soke garantin kamfani, kuma a wasu ƙasashe ya saɓa wa dokar hayaƙi. Idan akwai wani canjin da kake shirin yi, ka gama shi tukuna, don kada ka biya kuɗin saiti sau biyu.