Neman kalma: me za mu kira "backstory" a wasan Dungeons & Dragons?

Mai Fassara: Assalamu alaikum, malamai. Ina fassara takardun taurarin wasan Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974, kuma ranar Alhamis zan miƙa aikin ga matasan da za su gwada shi ranar Asabar. Wasa ne na baka da ake yi a kewayen teburi: jagora yana faɗin abin da ke faruwa, kowa yana magana da yawun tauraronsa, sai a jefa ɗan ludo mai fuska 20 don a ga ko abin da ya yi niyya ya yiwu. Shiryayyen labarin da muka ɗauka, Lost Mine of Phandelver na 2014, ya zo da taurari 5, kowanne an rubuta abin da ya same shi kafin a fara wasa. Ɗaya tsohon ɗan ƙungiyar Redbrands ne, 'yan dabar da suka addabi garin Phandalin. Wani kuma ɗan uwan wani mai suna Gundren ne, shi Gundren ɗin ake sacewa tun a farkon tafiya. Wannan bayani shi ne "backstory". Akwai kuma "background", wato soja ne shi, ko masani, ko mai laifi, abin da dokokin wasa ke ba shi ƙwarewa a kansa. Kalmomi biyu ke nan nake nema.

Malama Mai Adabi: Wa alaikumus salam. Ga ta biyun, "asali" ta wadatar. Ga ta farkon ina ganin "labarin baya", domin "tarihi" za ta sa yara su zaci haddar shekaru ake nema, "waiwaye" kuwa dabarar marubuci ce ta komawa baya ana tsakiyar labari.

Ɗan Damagaram: A fassarar Faransanci "historique" suka sa wa ta biyun, shi ya sa mu a nan za mu fi saurin gane "tarihi". Amma me zai hana "salsala"?

Dattijon Harshe: Tarihi, asali, salsala, labari, duka daga Larabci muka aro su, alhali muna da tamu. Ni "tushiya" na zaɓa, kuma ba da ka na faɗa ba. Manomi ya girbe dawa, ya bar gindin kara a ƙasa, Bahaushe ya ce tushiya mafarin dawa. Wanda ya rubuta cewa tauraron nan ya taɓa zama cikin 'yan daba ba don ado ya rubuta ba. Ya bar gindin ne a ƙasa, domin ranar da tauraron ya sa ƙafa a Phandalin tsohuwar gaba ta tashi, ɗan wasan ya sami dalilinsa na kansa na shiga rigimar. "Labarin baya" ba ta nuna cewa abin yana da sauran rai.

Malama Mai Adabi: Allah ya gafarta Malam, bayanin ya yi ma'ana, amma yaron da ya tashi a cikin birni, idan ya ga "tushiya" a saman takarda, sai an yi masa wata fassarar. Batun aro kuma, kalmar da kakanninmu suka rayu da ita ai ta zama 'yar gida.

Dattijon Harshe: Laifin ke nan na masu ɗaukar Hausar birni da ta rediyo su ce ita ce Hausa. Idan yaro bai san tushiya ba, a koya masa.

Ɗan Damagaram: Ranka ya daɗe, a nan ina bayanka. Kullum sai a yanke kalma a Kano a aiko mana, kamar mu ba da Hausa aka yaye mu ba.

Malama Mai Adabi: Ban ambaci Kano ba, kuma ni ba Bakanuwa ba ce. Takardar da yaro zai karanta cikin minti biyu kafin a fara wasa nake dubawa.

Mai Fassara: Na gode, malamai, lokaci ya ƙure mini. Zan sa "asali" ga ta biyun, tunda babu wanda ya kawo wadda ta fi ta. A kan takardun taurari zan rubuta "labarin baya", a bayanin da zan ba jagora kuma zan kawo misalin tushiya yadda Malam ya faɗe shi, domin shi ne zai nuna masa amfanin abin.

Dattijon Harshe: An ɗauki misalin, an bar kalmar. Ku rubuta abin da kuka ga dama, ni dai tushiya zan ci gaba da cewa. Sannan wannan "tauraro" da kuke kiran tsohon ɗan daba da ita, ita ma ban yarda da ita ba, sai dai zan bari sai kin miƙa aikin.